Gadon Ingila da ya ƙi fita ɗakin kakata

Shekarun baya, ina koyon walda a Sabon Birni, baffana ya kira ni ya ba ni aiki. Ya gina wa kakata ɗakin siminti a gidansa na Isa, ita kuwa ta ce ba ta barin Tsamaye sai da gadonta. Gadon ƙarfe ne na Ingila, tun na zamanin Turawa, baƙi wuluk, da ƙwallayen tagulla a kan ƙafafu. Ƙofar ɗakinta kuwa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya shiga. Kullum cewa take yi gadon aka fara ajiyewa, sannan aka gina ɗakin a kansa.

Mutane sun sa baffa a baki, wai yana cikin siminti ya bar uwarsa a ɗakin laka mai yoyo. Ya ce mini, "Tahi ka duba. In yankawa ta kama, a yanka a sake haɗawa."

Na tafi ina hura hanci, ni injiniya, alhali ko ƙyauren kirki ban taɓa haɗawa ba. Kaka na ganina da zarto ta ce, "Maigida, yau kuma da wuƙa ka zo ma amarya?"

Na durƙusa na sa kafaɗa ƙarƙashin ƙarfen gefe don in ji nauyinsa. Sai ji na yi ƙwas! Ƙarfen ya zame daga mazauninsa. Ashe babu noti, babu walda, sakawa kawai ake yi. Gadon da aka ce sai an rushe bango, mutum ɗaya zai fitar da shi.

Na ɗago muka haɗa ido. Tsohuwar ta dubi ƙarfen, ta dubi bangon ɗakin. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta, a nan kakana ya cika. Wallahi tausayinta ya kama ni.

A hankali ta ce, "Mi ka gani?"

Na mayar da ƙarfen, na danna da gwiwa. "Ban ga komi ba, Kaka."

"Allah shi yi ma albarka. Akwai hura cikin ƙwarya."

A Isa na tsara wa baffa bayani a gaban abokansa: zubi guda ne, aikin Turawan da, in an yanka ya tashi aiki. Ya gyaɗa kai, ya sayi kwano ya rufa mata ɗakinta. Ni kuma na yi shekaru ina jin kaina gwanin wayo.

Bayan rasuwarta aka zo kwashe kaya, ina tsoron asirina ya tonu. Baffa ya shiga ɗakin da taɓarya, ya doki kusurwa huɗu, ya fito da gadon gunduwa-gunduwa.

Ya dube ni ya ce, "Tun ina yaro ni ka kwance shi duk bazara mu kashe kuɗin cizo."

"To, Baffa, don mi ka aike ni?"

"In ni nic ce a bar ta, sai a ce rowa. Da mai walda yac ce, wa ka musu?"

Har yau in na tuna sai in yi dariya, sai kuma idona ya cika. Mu uku muka riƙe ƙarya guda, kowa yana rufa wa wani asiri, kuma a cikinmu ni kaɗai na zaci ni ne mai wayon.