Kunyar 'yar fari da na kawo Withington

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Yaya Rabi. Ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta baki. Duk ƙarshen wata sai ta hau bas daga unguwarsu Aston ta zo mana unguwarmu Withington a Manchester, da ledar yaji da faɗa.

Faɗan kuwa ɗaya ne kullum, a kan 'yata ta fari. Ni a Kano na tashi, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, balle ta rungume shi. Haka na ɗauko kunyata na kawo Ingila. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A gida ba a ganin giɓin, don akwai kaka da inna da gwaggo. A nan Yaya Rabi ce kaɗai. Tun daga bakin ƙofa take kwaɗa mata kira, ta karɓi sakamakon makaranta ta karanta da ƙarfi, ta yaba kitso ko da ya tsufa.

Wata rana muna kicin ta ce, "Hadiza, yarinyar nan a Manchester aka haife ta. Ba ta san kunya kike yi ba, she thinks ba kya son ta." Na ce ta raba ni da iyayin Turawa. Ta ce, "To ki sani, duk namijin da ya fara gaya mata tana da daraja, shi za ta bi, ko tantiri ne."

Yarinyar tana shekara sha uku Yaya ta rasu. Tana sha shida ta haɗu da wani yaro a kwaleji. Da yabo ya fara. Daga baya shi ke duba wayarta, shi ke zaɓar ƙawayen da za ta kula, yana ce mata ba mai son ta sai shi. Ta yarda, tunda a gidanmu ba ta ji an ƙaryata shi ba. Ina kallo tana ramewa, ina jan ta wurin GP, likitan unguwarmu, ina cewa karatu ne ya yi mata yawa. Malamarta ce ta gano abin da ke damunta, ba ni da na haife ta ba. Wannan yana ci mini rai har yau.

Sun rabu, alhamdu lillahi, yanzu tana jami'a. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Na san ba za ta ce "ai na gaya miki" ba. Waya za ta miƙo mini ta tsaya a kaina.

Shi ya sa a watan jiya na kira yarinyar a waya. Da ta ɗauka na ce, "Safiyya." Karo na farko ke nan da na kira sunanta.

Ta ce, "Mama, wa ya rasu?"

Na ce ba kowa, na kira ne in gaya mata ina alfahari da ita. Ta ce, "Anti Rabi ce kawai take faɗin haka," ta kashe wayar tana kuka.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar yarinyar da ta taɓa jin yadda ake son mutum a fili, har ta iya gane bambancinsa da irin son yaron nan daga baya. Sauran aikin nawa ne, kuma na makara da shekara sha tara. Allah ya jiƙanki, Yaya.