Marin da Sodangi Maƙeri Ya Buga

Sodangi ɗan Kabo, jikan Dabo Maƙeri, an haife shi a Kusada a gidan da aka gaji ƙira kaka da kakanni. Fartanya da lauje da gatari su ne sana'arsa. Amma a zamanin Turawa akwai wani aiki da yake kan maƙerin gari, ko yana so ko ba ya so: idan an kama mai laifi za a kai shi gaban alƙali a Kankia, maƙeri ne yake sa masa mari, wato zobban ƙarfe masu sarƙa, a ƙafa, ya buga ƙusa ya rufe. Sodangi ya yi wannan aiki shekaru da dama, ba a taɓa samun sa da ha'inci ba.

A daminar 1943, lokacin da ake ɗibar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, wani manomin ƙauyen Bauranya mai suna Sada ya gudu daga ayarin, ya koma gonarsa. Aka kamo shi. Da hantsi dogari Ɗahiru ya iso maƙera yana jan sa da igiya, Sada yana ɗingishi.

"Baba Maƙeri, ga baƙo na kawo maka," in ji Ɗahiru. "Zomo ne, ya iya gudu. Ka yi mishi takalmin da ya dace da shi."

Sodangi ya durƙusa ya ɗaga ƙafar wandon. Idon sawun dama ya kumbura, kurkunu ya fasa fata, an naɗe kansa a jikin tsinke ana jawo shi kaɗan-kaɗan kowace safiya. Duk wanda ya sha ruwan tafki a ƙasar nan ya san cewa idan wannan tsutsa ta tsinke a cikin nama, ƙafa tana iya ruɓewa, mutum ya gurgunce ko ya mutu. Daidai wurin ne kuma mari yake zama.

"Dogari, a bar shi da igiya mana. Ko in sa mishi a hannu."

"Umurni na ƙafa ne. Wanga ya taɓa gudu. In ya kuɓuce, rigata za a tuɓe. Mi kake jira?"

Sada ya kafa idonsa a kan masabar da ke bisa uwar maƙera.

Sodangi ya shiga ɗakin kaya ya daɗe. Ya fito da wani tsohon mari, zobensa ɗaya daidai, ɗayan kuwa mai faɗi ne, wanda mahaifinsa ya ƙera wa wani ƙaton mutum. Ya rufe na hagu tsam. Na dama, mai faɗin, ya naɗe shi da tsumma, ya ɗora shi can sama da ciwon, ya buga ƙusa da ƙarfi yadda dogari zai ji. Tsumman ne kawai ya riƙe zoben. Ɗahiru ya ja sarƙar, ya gamsu, suka kama hanyar Kankia.

Kafin la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Suka fake a gindin wata tsamiya. Dogari yana fama da rawaninsa da iska ta warware, Sada ya kwance tsumman, ya zare ƙafa, ya tattara sarƙar a hannu, ya faɗa cikin dawa da ta fi mutum tsawo. Ruwa ya shafe sawunsa, tsumman kaɗai aka tsinta.

Washegari dogarai suka zo maƙera, Ɗahiru yana gaba, ba raha a bakinsa. Aka ce Sodangi ya taimaki ɗaurarre ya tsere daga hannun hukuma. Sai aka rasa mai sa masa mari, domin shi ne maƙerin garin. Ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa, ya rufe zoben biyu da hannunsa, matarsa Mairama tana kallo daga bakin zaure.

"Ka ja ka gani," ya ce wa Ɗahiru. "Wannan ba ya fita."

A Kankia alƙali, wanda dattijo ne da ya san gidansu, ya nemar masa mafita.

"Sodangi, ƙarfe yakan yaudari mai shi. Idan kuskure ne, ga Alƙur'ani, ka yi alwala ka rantse, ka koma maƙerarka. Laifin sakaci sai ya koma kan dogari."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai, gumi yana bin wuyansa. Sodangi ya dubi Littafin, ya mayar da hannuwansa baya.

"Allah ya gafarta Malam, ba kuskure ba ne. Na san dunduniyarsa za ta wuce. Dogari bai sani ba."

"Ka san inda ya nufa?"

"Ban tambaye shi ba."

Aka yanke masa wata tara a gidan yarin Katsina. Ya yi su, ya dawo ya hura wutarsa, ya ci gaba da ƙira har tsufa ya karɓe masabar. Ba a sake kawo masa ɗaurarre ba. Sada kuwa, fatake sun ce sun gan shi wajen Maraɗi yana noma da ƙafafunsa biyu.

Dattawan da suka halarci shari'ar, waɗanda daga bakinsu na tattara wannan tarihi, sun haɗu a kan abu ɗaya. Bayan an gama hukunci, alƙali ya tsayar da Sodangi a ƙofa, ya tambaye shi abin da ya sa ya sayi ɗauri saboda mutumin da ba danginsa ba.

Sodangi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an ce in ɗaure ƙafa, ba a ce in kashe ta ba. Wata tara za su ƙare in koma gida. Shi kuwa manomi ne, in ta ruɓe ba ni da wadda zan ƙera mishi."