Kunun Inna da Gwajin Suga

Shekarar da zan kammala makarantar koyon aikin lafiya, aka ce kowa ya kawo bincike na kansa. Da ma ina da tambayar da ke ci mini rai. A unguwarmu a Haɗeja akwai mata masu fita fadama dashen shinkafa, akwai masu sana'ar zaune, saƙa da ƙullin kayan miya. Na ce bari in gwada sugan jininsu, in ga ko wahalar fadama tana bar wa jiki wani abu bayan ciwon baya.

Malamin da ke duba aikina ba ya wasa. Ya ba ni na'ura da 'yan tsinkayen da ake ɗiga jini a kai, ya ce in sun ƙare sai baɗi. Kowace mace in yi mata bayani ita kaɗai, ba a gaban miji ko mai unguwa ba, don kada kunya ta sa ta ce to. Ba suna, sai lamba. Sabuwar allura ga kowa. Abin da ya maimaita har sau uku kuwa shi ne, kada in gwada wadda ta riga ta karya kumallo, don abinci kan ɗaga suga.

Na bi gida gida, wasu suka ƙi, da yawa suka yarda. Na ce su zo gidanmu bayan sallar asuba.

Ranar farko ina ɗaki da farar rigata, ina jin kaina likita. Mace ta farko, suga ya hau. Ta biyu ma haka, har na wuce goma. Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke yini a laka tana dashe, siririya kamar sillen kara, ita ma ya hau. Na sake duba takardar da nake rubuta sakamakon. Ko na'urar ta lalace, ko unguwa guda ta kamu ba mu sani ba. Na tsira wa yatsana allura, na ga lafiya lau. A nan na lura leɓen Gwaggo yana maiƙo.

"Gwaggo, kin karya ne?"

"Ni ban ci komai ba, 'yar nan. Kunu kawai uwarki ta ba ni, da ƙosai uku. Ai wannan ba abinci ba ne."

Na fito. Ga Inna, mahaifiyata, a bakin ƙofar tsakar gida da tukunyar kunun gyaɗa, ya sha suga, duk wadda ta yi sallama sai ta miƙa mata kofi.

"Inna, kin ɓata mini aiki," na ce.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mace ta tako gidana da sanyin safiya, ki tsire ta ki ɗebi jini, ta tafi fadama ciki ba komai? A ce a gidan wa aka yi? Ke boko kika yi, ni ce zan ci gaba da zama a unguwar nan."

Na koma ɗaki na sha kuka. Tsinkaye sun yi ƙasa. Zuciya ta ce in bar lambobin haka nan, wa zai sani? Na daɗe ina kallon takardar kafin in ja mata layi daga sama har ƙasa. Da na huce kuma sai na ga Inna tana da tata gaskiyar. Na yi tunanin allura da lamba, ban yi tunanin yunwar waɗanda suka ba ni jininsu ba.

Da rana muka sasanta. Tukunya ta koma bayan gwaji, Inna kuma ta zama mai tsaron ƙofa. Ashe babu wanda ya fi ta dacewa da aikin, domin babu matar da ke iya yi mata ƙarya. Tana duban bakin mace za ta ce, "Ke kin ci goro. Ga kununki, jeki sai gobe." Gidanmu ya zama kamar gidan suna, ana ta dariya ana tsokanar masu tsoron allura. Mace ɗaya kaɗai suganta ya hau da gaske, ita ma a asirce na gaya mata, na raka ta asibiti.

Matan da na samu ba su kai yadda na so ba, bambancin 'yan fadama da masu sana'ar zaune ma ɗan kaɗan ne, na rubuta shi yadda yake, har da labarin kunun. Ranar kare bincike malamina ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaya kika tabbatar ba su karya ba?"

"Malam, uwata ce a bakin ƙofa."

Duk malaman suka fashe da dariya, shi kuwa ya sa hannu.

Na dawo gida da murnata na ce wa Inna na ci. Tana tankaɗe, ta ce, "Alhamdu lillahi. To sai ki wanke mini tukunyar, tun da ita ma ta yi karatun."