Ba Wanda Ya Ce Masa Ban da Goro

Kai da ka zo gaisuwa kake zaune a tabarmar makoki, ka san abin da ya hana a ɗauki hoton zuciyar Kawu Ɗanlami?

Bayan la'asar ƙanwata ta kira ni, ta ce Kawu ya faɗi a bakin rumfarsa ta wankin hula. Kafin in isa Gwammaja an lulluɓe shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutum ne da bai iya gaggawa ba. Hular ɗan dako da ta Alhaji wanki ɗaya yake yi musu. In na ɗauko masifata sai ya ce, "Ɗan nan, bakinka ya riga ƙafarka isa kasuwa." Da na bar makaranta bai zage ni ba, tsofaffin jaridu ya dinga ajiye mini.

Da ƙirji ya matsa masa, likita ya tura shi hoton siti, na'urar da ke nuna jijiyoyin zuciya ko sun toshe. Ta asibitin da aka tura shi ba ta ɗauka sai bugun zuciya ya lafa, don haka aka ce kada ya sha shayi ko kofi. Bai sha ba. Ranar hoton, a hanya, a Ƙofar Nassarawa wani amininsa ya miƙa masa goro, Kawu kuwa ba ya mayar da hannun kyauta. A asibiti aka ce bugun ya yi sauri, ya dawo wani watan. Dariya ya yi: "Ashe ita ma zuciyar ba ta son hoto." Bai kai watan ba.

Daga baya na karanta cewa abin da ake gudu a kofi yana cikin goro. Na kuma karanta cewa sababbin na'urorin cikin bugu ɗaya suke gama ɗauka, ko zuciya na sauri.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da wannan ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna Hajara da yara haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Amma ku na asibitin, a Kano kuke aiki. Dattijo nawa kuka taɓa gani da kofin kofi? Ban nemi ku kawo sabuwar na'ura gobe ba. Wani cikinku ya fito rediyo, da Hausa, ya gaya mana: dattijon da zai zo hoto gobe, an ce masa ban da goro?