Malam Lauwali Mai Tsinke da Katin Hamma

Shekara ashirin da wani abu, Malam Lauwali yana jingine kekensa a bakin ɗakin shan magani na garinmu, a ƙasar Roni, tun kafin a share ƙofa. Ba ya allura, ba ya ba da magani. Kati ne aikinsa. Kowane mara lafiya da katinsa mai huji-huji a gefe: hujin unguwa, hujin wata, hujin ruwan da kake sha. Hujin da ya shafe ka, sai ya yage bakinsa. In ya zura tsinken ƙarfe ya girgiza, masu yagaggen baki su zube, sauran su rataye.

Ni Saude, karatuna na yaƙi da jahilci ne. Abin da na gani zan faɗa.

Shekarar da ta bi ƙarshen yaƙin basasa, amai da gudawa ya shigo mana. Fura da nono nake sayarwa. Ɗana Hamma ya sha da safe ya fita kiwo, washegari aka binne shi. Gari ya ɗauka cewa furata ce. Ƙwaryata ta yi kasuwa uku ba a buɗe ta ba. Ni ma na yarda. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai kallon hannuna.

Na je na sami Malam Lauwali. Na ce, "Malam, in ni na kashe shi, gaya mini."

Ya ce, "Zauna, Inna. Na sama sun ce in jera katunan masu cutar unguwa-unguwa, na jera, ban ga komai ba. Bari mu juya."

Ya jera wata-wata, ya girgiza kai. Ya tattara, ya zura tsinken a hujin ruwa. Kati arba'in da ɗaya, talatin da takwas suka zube wuri guda: Rijiyar Tsamiya, inda makiyaya ke sha. Mu ba can muke ɗiba ba. Ya zaro ɗaya daga ƙasa ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ga na Hamma. Da rijiya ya faɗo."

Aka rufe rijiyar. Ranar kasuwa Malam ya tsuguna gaban ƙwaryata, kowa na kallo, ya ce, "Dama mini ta sule, kada ki yi mini rowar nono."

Kai ne, Malam, wanda bai tsaya kan jeri ɗaya ba. Ba ka dawo mini da ɗana ba, har yau ina jin kiransa wajen shanu. Amma ka dawo mini da hannuna.

An ce watan gobe zai ajiye aiki, wai na'ura za ta karɓi tsinken. To, ku masu na'ura, in kun jera ba ku gani ba, ku juya kamar yadda ya juya. Akwai wata zaune a waje tana jira.

Allah ya saka maka, Malam. Furarka tana nan, ba ta kuɗi ba ce.