Na karɓe takardun harajina daga hannun Kawu

Jiya a falon Kawu a garin Silver Spring, nan ƙasar waje, na karɓe takarduna. Shi ke cike wa dangi takardun haraji, ba mai musa masa.

Bara obataim, wato ƙarin awannin aiki, ya sa albashina ya wuce ƙa'idar asusun ritaya na Roth IRA, sai na mayar da abin da na zuba a ciki zuwa wani asusun ritaya daban. Na ce wa Kawu a bayyana canjin a takardar haraji.

"Kuɗinki ne fa, daga aljihun dama zuwa na hagu. Wa zai tambaya?"

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Sa hannuna ne a ƙasa, kuma da takardar nan zan nema wa Mama bizar zuwa nan."

Ko zai daina amsa gaisuwata, sai na rubuta canjin da kaina.

Ku fa, kun taɓa ce wa babba a'a?