Ranar da Farfesa Ya Rufe Rijiyar Mahaifinsa

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan manta ranar da aka rufe rijiyar layinmu a Kagarawal ba.

Wani dattijo makiyayi ne ya haƙa ta sadaka kafin ya rasu, kuma duk wanda ya ja guga sai ya yi masa addu'a. Ɗansa ne ya zama Farfesa, injiniyan sinadarai. Tare muka tashi da shi. Shi ya bi boko, ni na bi gona. Sai yanzu da furfura nake zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Shekaru ya yi yana awon ruwan rijiyoyi yana zuba sakamakon a kwamfuta, har ta koyi gane rijiyar da guba za ta iya shiga. Wata rana ta nuna masa ta mahaifinsa, saboda masu fasa tsofaffin batura da ke bayan layin. Bai yarda ba sai da ya ɗebi ruwan ya auna da hannunsa. Gubar dalma ce.

Ya zo da magini da buhun siminti bayan la'asar. Bappansa, ƙanen marigayin, ya tsaya a bakin rijiyar da sandarsa.

"Ladan ubanka za ka toshe saboda akwatin bature ya yi maka duba?"

"Bappa, yara ke sha."

"Kai me ka sha ka girma? Lemo?"

Farfesa ya juyo wurina, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Malam, 'yar autarka har yanzu tana farfaɗiyar?"

Na ce tana yi. Mun daɗe muna mata maganin iska. Kuma da ruwan rijiyar nake wanke mata rubutu, don albarkar mai ita.

Ni na riƙe wa magini cebur. Mutane suka watse ba sallama. Daga ranar dangin Farfesa suka daina kiransa suna ko biki, duk da tankar ruwan da yake aiko mana.

'Yata ta rayu, amma likita ya ce gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarta, ba za ta dawo daidai ba. Sa'o'inta sun yi aure. Ita haruffan da nake koya a aji nake maimaita mata, ba sa zama a kanta.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyyar mai sadaka ba ta tace ruwa. Mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda zai yarda ka tsane shi, in dai 'ya'yanka za su tsira.